Tela da Mahauci Ma Sun Bar Sawu a Arlit

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala a kan garuruwan yuraniyom na jihar Agadas, kuma akwai inda ya taka da bai kamata a bari ya wuce ba. Ga abin da ya ce a dunƙule. A Ingila, mai neman asalin gidansu yakan je ma'ajiyar takardu ya tarar da wasiyyar kakan kakansa maƙeri ko masaƙi, da sunayen 'ya'yansa, da gudumar da ya bar wa wane, da gadon kwanan da ya bar wa wance. Mu Musulmi kuwa, in ji shi, ba mu rubuta wasiyya tunda shari'a ta riga ta yi rabo. Ga shi kuma Arlit garin baƙi ne, jiya-jiya aka kafa shi, kowa cin rani ya kawo shi. Saboda haka sai ya yanke hukunci cewa tarihin Arlit da Akokan da Imouraren tarihin kamfani ne kawai: yaushe aka buɗe rami, tan nawa aka haƙo, yaushe aka rufe. Tela da mahauci da mai walda sun zo sun tafi, ba abin da za a kama a ce ga shi. Ya rufe da shawarar cewa masu sana'a su koyi zuwa wurin lauya su rubuta wasiyya irin ta Turawa, ko jikokinsu sa sami abin karantawa.

Wani ɓangare na maganar gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar ja da shi. Arlit yaro ne a cikin garuruwa. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, a 1969 garin ya fara tashi a gefensa, a 1971 aka fara fitar da yuraniyom. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara haƙa a 1978, shi ya haifi Akokan. Idan aka jera su da Agadas mai hasumiyar ƙasa tun ƙarni na 16, to ko jikoki ba su kai ba. Haka kuma gaskiya ne, da wuya ka sami bakanike ko mai shayi da ya zauna ya rubuta wasiyya ya sa hannu. Amma daga nan zuwa cewa ba su bar takarda ba, Malam marubucin ya yi dogon tsalle. Takardar Ingila ya shiga nema a ƙasar Abzin, da bai gan ta ba sai ya ce ɗakin fanko ne.

Me ya sa Bature yake rubuta wasiyya tun farko? Domin dokarsa ta bar masa zaɓi. Shi zai ce wa zai ci, wa zai tashi a tutar babu. Har zuwa 1858 kotunan coci ne suke tabbatar da waɗannan takardu a Ingila, shi ya sa aka adana su, masu bincike suke murna da su yau. Sai dai takardar da mutum ya rubuta da son ransa, son ransa take nunawa. Ɗiyar da ta auri wanda uban bai so ba tana iya ɓacewa daga cikinta ƙaƙaf. Ɗan da aka riga aka sallama da jari tun uban yana raye, ba dole a ambace shi ba. Masu tarihin gidaje na can sun san wannan ciwo, suna ta ƙoƙarin cike giɓi da rajistar coci. Kuma ko a can ɗin, talakawa da yawa sun mutu ba su bar wasiyya ba.

Tamu takardar ita ce ta rabon gado, kuma ba mamaci ne yake rubuta ta ba. Bayan an share makoki, wani lokaci sai mata sun fita takaba, akan tara magada da dattawan dangi, a kira malamin da ya san ilimin gado, a samo dillali ko wani masanin kasuwa da zai yi wa kaya kuɗi. Sai a bi tsari: a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya idan akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Rabon nan ba ya yiwuwa sai an ƙirga kowa. Malami ba zai iya raba tumunin mata ba sai ya san su nawa ne. Ba zai ba uwa sudusi ba sai ya tabbatar tana raye. Idan aka manta da ɗiya guda da take aure a Madawa, lissafin duka ya rushe, kuma ranar da ta ji labari za ta zo da mijinta da shaidunta. Har cikin da bai fito duniya ba akan jira shi. Wace wasiyyar Bature ce aka tilasta wa mai ita ya lissafa duk wanda ya haifa, da wanda yake so da wanda ya yi fushi da shi?

Kuma a Nijar abin bai tsaya a zauren malami ba. Dokar tsarin shari'a ta 1962, da wadda ta maye gurbinta a 2004, sun bar wa kotuna su yi hukunci da al'adar masu ƙara a sha'anin aure da gado, alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda galibinsu malamai ne. Arlit tana da babbar kotunta. Wanda ya mutu ya bar kuɗi a banki, ko fili mai takarda, ko haƙƙi a asusun fansho na CNSS, iyalinsa ba sa taɓa ko dala sai sun kawo takardar taron dangi da takardar shaidar magada. Gari ne na albashi da hatimi, inda ko wanda ba ya aiki a kamfani ya saba da cewa magana ba ta zama sai an buga mata tambari. Ni a ganina, ƙuruciyar Arlit da Malam ya ɗauka aibi ita ce ma ta sa mutanenta suka fi na ƙauyukan da suka baro yawan takardu.

Mu ɗauki misalin tela, irin waɗanda suka hau motar kaya daga Tasawa ko Dakwaro a shekarun 1970, lokacin da fari ya cinye gona da garke, kuɗin yuraniyom kuma yana tashe. Ya kafa kekensa a bakin kasuwa, yana ɗinka wa matan ma'aikata kayan salla. Ya rasu bayan shekara arba'in. Takardar rabonsa za ta ce: keken ɗinki kaza, ɗaya na ƙafa ɗaya na lantarki; rumfa a kasuwa; gida a Arlit mai ɗaki kaza; gona a garinsu da ƙanensa yake nomawa; shanu a hannun wani Bafulatani; mata biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida; 'ya'ya a Yamai da Kano da Tamanrasset. A cikin shafi ɗaya an amsa tambayar da Malam ya amsa da ka. Shin baƙo ne mai cin rani, ko ya zama ɗan gari? Sai a duba inda ya zuba siminti. Idan ginin bulo yana Tasawa, na Arlit kuwa laka ce da kwano, to zuciyarsa ba ta taɓa sauke kaya ba. Idan ya sayar da gonar gado ya sayi fili na biyu a Akokan, ya riga ya yanke shawara. Tara irin wannan takarda ɗari biyu, ka jera su bisa shekaru, za ka ga lokacin da mutane suka fara yarda cewa Arlit gari ne, da lokacin da suka fara janye jiki. Babu rahoton kamfanin da zai gaya maka wannan, domin kamfani gidajen da ya gina wa ma'aikatansa yake ƙirgawa. Unguwannin da suka tsiro a bayan katangarsa, irin su Bukoki, ba su shiga lissafinsa ba.

Amma inda takardar ta fi nauyi shi ne wajen bashi, kuma nan ne na fi mamakin yadda Malam ya tsallake. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to a garin albashi ya fi ko'ina. Ma'aikaci yana ɗaukar shinkafa da sukari da nama a kan alƙawarin ƙarshen wata. Mai kanti yana da littafinsa, wani da boko, wani da ajami, wani da wasu alamomi da shi kaɗai da yaron shagonsa suka gane. Shi kansa mai kantin bashi ya ɗauko daga wani Alhaji a Maraɗi ko Tawa, ko daga Balaraben da yake shigo da taliya da madarar gari da dabino daga Aljeriya ta Assamaka. Ranar da ya faɗi ya mutu, ba a raba ko allura sai an warware wannan saƙa. A wurin jana'iza ma akan yi shela, wanda yake bin mamaci ko mamaci yake binsa ya zo ya faɗa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutanen da aka tarbiyyantar da wannan aya ne ake cewa ba su san ajiye takarda ba?

Jerin masu bin bashi da waɗanda ake bi shi ne taswirar mutum ta gaskiya. Yana nuna wa ya yarda da shi har ya ba shi kaya ba jingina, wane gari ne uban gidansa yake, da wace ƙabila yake hulɗa. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya kuma bi sawun fataucin Agadas da Arlit a wani littafin na 1999, ya nuna yadda manyan 'yan kasuwa suke riƙe da ƙanana ta hanyar ba da kaya bashi. Shi daga sama ya hango abin, daga wurin masu jari. Takardun gado za su nuna shi daga ƙasa, daga wurin mai tebur. A nan ne kuma za a ga yadda faɗuwar farashin yuraniyom a shekarun 1980 ta shiga tukunyar mahauci, da yadda karya darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka bashin wanda ya ɗauko kaya daga waje. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, an yi ta maganar ma'aikata kimanin 600 da 'yan kwangila kimanin 700. Wanda yake sayar musu da itace, da mai wankin kayansu, da mai gyaran baburansu, ba wanda ya ƙirga su. Sunayen waɗannan ma'aikata suna cikin littattafan bashinsu, wasu an soke, wasu har gobe.

Sai Imouraren, wadda Malam ya kawo a matsayin babbar hujjarsa, ni kuma nake ganin ita ce ta fi kayar da shi. Ya ce wurin da ko gari bai zama ba, ina zancen tarihin gida? To mu bi ma'auninsa mu gani. Tun 1966 aka gano arzikin da ke ƙarƙashin wannan fili, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit. A Afrilun 2007 'yan tawayen MNJ suka kai wa sansanin masu bincike hari. A farkon 2009 kamfanin Areva ya sami lasisi, a watan Mayu Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashi, aka yi alƙawarin tan 5,000 a kowace shekara har shekara 35. A 2011 haɗarin Fukushima ya karya farashi, a 2014 gwamnati da kamfanin suka amince a jingine aikin, aka sallami ma'aikata. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta ƙwace lasisin daga Orano, sabon sunan Areva. Idan tarihi shi ne tan nawa aka fitar, to Imouraren ba ta da tarihi sam, domin ba a kai ga sayar da yuraniyom ɗinta ba. Amma shekaru biyar ɗin nan na sa rai, a jikin wa suka sauka? Wanda ya ci bashi ya sayi tankar ruwa don yana jiran kwangila, da wanda ya gina ɗakunan haya a Arlit yana jiran ma'aikata, da kafintan da ya ƙaro yara a shago, su ne suka ɗauki nauyin ma'adinin da bai fito ba. Kamfani ya rubuta asararsa a littafinsa na Faris, ya wuce. Tasu asarar sai an buɗe tarikarsu, wato abin da suka bari bayan mutuwa, ake ganinta: mota a kan duwatsu, gini ba rufi, bashin da ya fi dukiya. Wasu kuma zinaren Djado da Tchibarakaten da ya ɓullo a 2014 ya cece su, motar da aka saya don yuraniyom ta koma kai wa masu haƙar zinare ruwa da abinci. Wannan juyi ma a takardar gado zai fito, domin a nan ake faɗin inda motar take da wanda yake tuƙa ta.

Akwai wani abu kuma da ya wuce sha'awar masu tarihi. A ƙarshen 2003 masanan CRIIRAD na Faransa suka zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, suka tarar da ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ana sayar da su a kasuwa alhali suna ɗauke da gubar yuraniyom. Rahoton Greenpeace na 2010 ya sake tabbatar da haka. Ƙarafan nan ba a kasuwa suka tsaya ba. Maƙera da masu walda sun mai da irinsu ƙofofi da kayan girki da rufin ɗaki, domin a hamada ba a zubar da ƙarfe. Takardar da ta ce ƙofar ƙarfe da ganguna da tarin bututu sun faɗa rabon wane, an ɗora su a mota an kai kudu, ta zama shaida a kan inda wannan ƙarfe ya bi. Ba na cewa malamin gado likita ne. Amma duk mai son sanin gidajen da ya kamata a auna, da iyalan da ya kamata a tambaya me ya kashe ubansu, zai fi samun hanya a jerin kayan maƙeri fiye da a maƙalar da ta ce maƙerin bai bar kome ba.

Mata ma suna ciki, har fiye da yadda ake zato. Kafin a raba, sai an ware abin da ba na mamaci ba: kayan ɗakin matarsa, sadakin da bai gama biya ba, firjin da ta saya da kuɗin ƙanƙara da lemon da take sayarwa, awakinta da suke cikin garkensa. Gardamar da akan yi a nan ita ce take fallasa cewa rabin jarin shagon daga adashinta ya fito. A wajen Abzinawa kuma akwai dabbobi ko itatuwan dabino da akan keɓe wa 'ya'ya mata a matsayin hubusi, ba a sayarwa, ba a sa su cikin rabo. Idan maƙerin Abzin ya mutu a Arlit, sai an tantance wanne ne hubusi wanne ne tarika, kuma wannan tantancewa kan ja zance har zuwa kaka ta uku a wani kwari na Timia ko Iferouane.

Ba sabuwar hanya na ƙirƙiro ba. Allan Christelow ya ɗauki bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya fitar da su a littafi a 1994, kuma mutanen da suke magana a ciki talakawa ne masu rigimar gida da gona da gado. Ghislaine Lydon, a littafinta na 2009 a kan fataucin Sahara, ta bi rigimar gadon fatake ta gano yadda amana da bashi suke tafiya tsakanin garuruwan da ke nesa da juna wata da watanni. Abin da ya yiwu da takardun da suka haura shekara ɗari, me zai hana shi yiwuwa da na jiya, waɗanda shaidunsu suna nan da ransu?

Inda zan ba Malam gaskiya shi ne, ba kowane rabo ake rubutawa ba. Mai ga-ruwan da ya bar kura da jarka takwas, a tsaye ake raba nasa. Waɗanda aka rubuta ɗin ma a warwatse suke, wasu da Larabci a jakar malami, wasu da Faransanci a kotu, wasu a ƙasan akwatin uwargida, gara da zafi suna cin rabonsu. Kuma takardar gado tana ɗauke da asirin gida: matar da ba a san da ita ba sai ranar makoki, bashin da ya kunyata 'ya'ya. Ba a shiga irin wannan da gaggawa, ba a kuma buga sunan kowa sai da yardar magada. Amma wahalar tattarawa daban, rashin abin tattarawa daban. Shawararsa ta zuwa wurin lauya kuwa, ba ta warware kome. Wasiyya tana cikin addini, da iyakarta ta sulusi, da sharaɗin ba a yi wa magaji, kuma ana kwaɗaitar da rubuta ta. Wanda ya rubuta ya kyauta. Sai dai ko duk telolin Arlit sun rubuta, abin da za mu samu bai wuce sun bar wa masallaci kaza, sun bar wa almajirin shago keke ɗaya ba. Jerin 'ya'ya da jerin bashi suna cikin waccan takardar da ya raina.

Abin da ya rage aiki ne na ƙafa. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ya san yadda ake ɗaukar hoton takarda a mayar wa mai ita. Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, tana da ɗalibai 'ya'yan waɗannan gidaje, waɗanda za a buɗe wa akwatin da ba za a buɗe wa baƙo ba. Amina Weira ta nuna ana iya yi, da ta ɗauki kyamara ta koma Arlit ta bi mahaifinta, tsohon ma'aikacin ma'adinai, a fim ɗinta na 2016, kamar yadda Idrissou Mora-Kpai ya zauna da tsofaffin garin a nasa fim na 2005. Samarin da suka iso a 1975 yanzu sun haura saba'in, kuma su ne shaidun da sunayensu suke ƙasan takardun abokansu. Tun da aka rufe ramin Akokan, da yawa sun ɗaure kaya sun bi hanyar Tawa sun koma gida, takardun suna cikin akwatunansu. Mai neman tarihin gidajen Arlit yau, sai ya haɗa da Madawa da Tasawa da Birnin Ƙonni da Damagaram a cikin tafiyarsa.